Ƙa'idojin FAIR da Rabon Kayan Bincike: Sharhi daga Fannin Nazarin Harshe

Ranar 15 ga watan Maris na 2016 mujallar Scientific Data ta buga wata gajeriyar maƙala wadda masana fiye da 50 suka sa wa hannu, sunan Mark Wilkinson a gaba, na Barend Mons a ƙarshe. Tushenta wani taro ne da aka yi a Leiden ta ƙasar Holan cikin Janairu na 2014. Abin da ta ƙunsa ƙa'idoji ne 15 game da yadda ya kamata mai bincike ya adana bayanan da ya tattara, da rubutaccen umarnin da ya ba kwamfuta don ta sarrafa su, yadda wani zai ci moriyarsu a bayansa. An kasa ƙa'idojin gida huɗu: a iya gano abin, a iya kaiwa gare shi, ya iya haɗuwa da waninsa, a iya sake aiki da shi. Haruffan farko na waɗannan kalmomi huɗu a Ingilishi su ne suka ba da sunan FAIR.

Maƙalar ba ta daɗe a kan teburin masana kawai ba. Cikin Satumba na wannan shekara shugabannin ƙasashen G20 suka ambaci ƙa'idojin a sanarwar taronsu na Hangzhou, Hukumar Tarayyar Turai ta shigar da su cikin abin da take nema ga masu karɓar kuɗin bincike, sa'an nan shawarar da ƙasashen UNESCO suka amince da ita cikin Nuwamba na 2021 game da buɗaɗɗiyar kimiyya ta jingina da su. Saboda haka duk mai bincike a Yamai ko Damagaram da ya shiga aikin haɗin gwiwa da wata jami'ar Turai zai tarar da haruffan nan huɗu suna jiransa a takardar neman kuɗi. Ya cancanta ke nan a karanta matanin kansa, a auna shi da irin kayan da masanin harshe da mai tsara yaƙi da jahilci suke riƙewa a hannu.

Abin da maƙalar ta zo gyarawa ciwo ne na gaske, kuma babu fannin da ya tsira daga gare shi. Cikin 2010 masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka bayyana cewa ƙasashen da bashinsu ya wuce kashi 90 cikin 100 na dukiyar da suke samarwa a shekara, arzikinsu ja da baya yake yi da kashi 0.1 cikin 100 in an yi matsakaicin lissafi. Ƴan siyasa masu ra'ayin tsuke bakin aljihu a Turai da Amurka suka riƙe wannan adadi hannu bibbiyu. Sai cikin 2013 wani ɗalibi na Jami'ar Massachusetts, Thomas Herndon, bayan ya yi ta ƙoƙarin maimaita lissafin ya kasa, ya nemi ainihin fayil ɗin, masu shi kuma suka ba shi. Nan ya ga an tsallake ƙasashe biyar wajen haɗa jimla, an bar wasu shekaru a waje, an kuma auna ƙasashe ta wata hanya mai jawo gardama. Da shi da malamansa biyu suka sake lissafin, sai adadin ya koma ci gaba na kashi 2.2 cikin 100. Shekara uku maganar tana yawo, ba kuwa don masu karatu sun rasa basira ba, sai don babu wanda ya ga abin da ke bayan jadawalin da aka buga.

Akwai kuma ɓacewa. Timothy Vines da abokan aikinsa sun bi sawun bayanan maƙaloli 516 na nazarin halittu, waɗanda aka buga tsakanin 1991 da 2011, suka tarar damar samun bayanan tana raguwa da kimanin kashi 17 cikin 100 a kowace shekara: adireshin mai su ya mutu, ko suna cikin faifan da babu sauran injin karanta shi. Wanda ya taɓa neman kaset ɗin da wani malami ya ɗauka a wani ƙauye shekara 40 da suka wuce ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. A nan ƙa'idojin FAIR sun yi daidai, kuma maganinsu mai araha ne: a ba kowane tarin bayanai lambar shaida ta dindindin, a sa shi cikin rumbun da wata hukuma mai ɗorewa take tsaro, a rubuta masa takardar rakiya mai faɗin abin da yake da inda ya fito, a kuma bayyana sharaɗin amfani da shi. Rumbun Zenodo, wanda cibiyar CERN ta Janeba ta buɗe cikin 2013, yana karɓar kaya daga kowane fanni kyauta, yana kuma ba da lambar.

Inda maƙalar ta fara rauni shi ne wajen wanda ta ɗauka a matsayin mai karatu. Marubutan ba su ɓoye ba: babban burinsu shi ne inji ya iya nemo bayanai, ya gane su, ya haɗa su da wasu, ba tare da mutum ya sa hannu ba. Misalan da suka kawo sun nuna gidan da suka fito, don galibinsu rumbunan nazarin halittu da magunguna ne, irin su UniProt da taskar siffofin furotin. A waɗannan fannoni an daɗe da yarda da ma'auni guda. Tun 1996, a taron Bermuda, masu binciken ƙwayoyin gadon ɗan Adam suka ɗaure wa kansu sakin abin da suka karanta cikin sa'o'i 24, kuma jerin haruffa huɗu da aka karanta a Tokyo shi ne jerin da za a karanta a Pari. Da aka ɗauki wannan tufa aka ce ta dace da kowane fanni, sai aka bar wahalar duka cikin layi ɗaya, watau ƙa'ida ta ƙarshe, mai cewa bayanai su bi ma'aunin da mutanen fanninsu suka yarda da shi. Ga masanin harshe wannan layi shi ne aikin gaba ɗaya. Sauran 14 ɗin ana iya cika su da yamma ɗaya.

A ɗauki jimlar Hausa mai kalma biyu: ya zo. A rubuce abu ɗaya ne. A baki kuwa abu huɗu ne: da wasali mai tsawo, an gama zuwan, da gajeren wasali mai karin sama, shi ne irin wanda ke biyo bayan “shi ne”, da karin ƙasa, umarni ne ko fata, da kari mai faɗuwa, zuwan yana gaba, ana tsammaninsa. Haka fari yake ɗauke da launi da rashin ruwa da mafari, gari da birni da niƙaƙƙen hatsi, wuya da gaɓar jiki da wahala. Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, kuma bai yi laifi ba, domin an tsara shi don mai jin harshen, wanda ke cike giɓin da kansa. Amma tarin matani da aka zuba a rumbu ba tare da muryar da aka kwafe shi daga gare ta ba, ko da ya sami lambar shaida da takardar izini da duk abin da ƙa'idojin suka nema, rabin kaya ne ga mai nazarin nahawu. Ba zai iya ƙirga sau nawa aka yi amfani da kowane lokacin aikatau ba, ba zai kuma iya tabbatar da abin da mai kwafewa ya ji ba. Ma'aunin FAIR zai ba wannan tari cikakken maki.

Abin ya fi tsanani in an zo ga karin harshe. Bahaushen Adar ba ya bukatar alamar kari don ya raba biyun farko na waɗancan huɗu, don shi yaz zo yake cewa, yat tahi, kamar yadda Bernard Caron ya bayyana a littafinsa na 1991 a kan Hausar Adar. Mai kwafewa da aka horar a kan daidaitacciyar Hausa, in ba a gargaɗe shi ba, zai mayar da su ya zo da ya tafi, ya mayar da hwara zuwa fara, yana ganin gyara ya yi. Daga nan kayan su shiga rumbu ƙarƙashin lambar harshe hau, wadda ita ce ta Kano, ita ce ta Tawa, ita ce ta zangon Kumasi. Inji zai gano su nan take, ya haɗa su da na ko'ina, daidai yadda maƙalar take so. Abin da ya sa aka je Adar da rakoda tun farko shi ne ya zube a hanya. Mai tsara littafin karatun manya don jihar Tawa, in ya dogara da wannan tari, zai ɗauka manoman can Kananci suke yi.

Ko baƙaƙen kansu ba su tsira ba. Litattafan yaƙi da jahilci na farko a Nijar, da suka bi shawarar taron Bamako na 1966, suna ninka wasali mai tsawo; bayan taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai cikin 1980 aka bar wannan. Har yanzu Nijar tana rubuta ƴaƴa, kamar yadda dokar ma'aikatar ilimi ta 1999 ta tabbatar, Nijeriya kuwa 'ya'ya. Da kwamfuta ta shigo, kafin tsarin Unicode ya game gari, kowace ma'aikata da irin zanen haruffan da take ɗora ɓ da ɗ da ƙ a kansa, ta yadda fayil in ya bar injin da aka buga shi sai ƙugiyoyin su koma wasu alamomi dabam, ko su faɗi, ƙafa ta zama kafa, baƙi ya zama baki. Aikin DiLAF, wanda masana na Nijar da Faransa da wasu ƙasashe suka yi don sa ƙamusoshin Hausa, Zabarmanci, Barbarci, Buzanci da Bambaranci a intanet, ya sha wannan wahala: kafin a yi zancen rabawa sai da aka bi fayilolin ana mayar da haruffa zuwa Unicode, ana raba kowace shigarwa gida-gida, nan kalma, nan ajinta, nan ma'ana, nan misali. Wannan shi ne ainihin abin da kalmar haɗuwa take nufi, kuma aikin mutane ne masu jin harshen, na watanni. (Kada a ce wannan ciwon matalauta ne. Cikin 2016 aka gano cewa kimanin kashi ɗaya cikin biyar na maƙalolin nazarin ƙwayoyin gado masu rakiyar jadawalin Excel suna da sunayen da injin ya mayar kwanan wata, SEPT2 ya koma 2 ga Satumba. Cikin 2020 kwamitin da ke ba da sunayen ya gwammace ya sake wa ƙwayoyin suna.)

Game da rubutaccen umarni, maƙalar ta faɗi tun a farkonta cewa ƙa'idojin sun shafe shi, amma ba ta tsaya a kansa ba, har sai da wasu suka fito da ƙa'idoji na musamman dominsa cikin 2022. Ga masu tsara karatu kuwa nan ne maganar take. An saba jera darussan littafin farko bisa yawan aukuwar baƙaƙe da gaɓoɓi da kalmomi: abin da ya fi yawa a harshe shi ake fara koyarwa. Yau inji ne ke yin ƙirgar, kuma kafin ya ƙirga sai an gaya masa mene ne kalma. In umarnin ya ɗauki hamza a matsayin alamar rabuwa, kamar yadda kayan aiki da yawa da aka gina don Faransanci suke yi saboda irin l' da d', to jama'a ta tsage ta zama jama da a, sana'a ta zama sana da a, sai a ta hau saman jadawali da ƙafar aro. In bai san sh da ts da ƙw baƙi ɗaya-ɗaya ne ba, h da s da w za su kumbura. In ya haɗa akan da a kan, ko ya raba shi ne da shine, lissafi ya sake. Duk waɗannan hukunce-hukunce ne na nazarin harshe, amma ba sa fitowa a rahoto. Suna kwance cikin layi biyar ko goma na umarni. Hukumar da aka miƙa wa jadawalin kalmomi ba tare da matanin da aka ƙirga da umarnin da ya yi ƙirgar ba, matsayinta ɗaya da na masu karatun Reinhart da Rogoff kafin 2013. Bambancin shi ne nan babu wani ɗalibi da zai zo ya duba, littafin kuma in an buga shi shekara goma zai yi a hannun malamai.

To, buɗewa ita kaɗai ba ta warkar da wannan. Cikin 2022 Julia Kreutzer da tarin abokan aiki, da yawansu ƴan Afirka, suka buga sakamakon duba da ido da suka yi wa taskokin matani 205 waɗanda aka kwaso daga intanet aka raba wa duniya. Aƙalla 15 daga ciki babu jimla ko ɗaya mai amfani a cikinsu, wasu da dama kuma jimlolinsu na kirki ba su kai rabi ba, kuma ƙananan harsuna ne suka fi shan wannan. Kayan nan a buɗe suke, an gano su, an sauke su, an haɗa su da wasu, an yi aiki da su. Abin da ba a yi ba shi ne a sa mai jin harshen ya karanta. Marubutan FAIR za su ce ba su taɓa yin alkawarin inganci ba, kuma gaskiya ne, matanin bai yi ba. Sai dai ma'auni in ya shiga hannun masu ba da kuɗi, abin da yake aunawa shi ake biya, abin da ya bari kuma a bar shi.

Akwai wani tsohon littafi da ya kamata a ajiye kusa da maƙalar nan. Cikin 1854 Sigismund Koelle ya buga Polyglotta Africana, inda ya jera kalmomi da gajerun jimloli kusan 300 cikin harsuna da karuruwa fiye da 150, har da Hausar Kano da ta Katsina, daga bakin ƴantattun bayi a Firitawun ta Saliyo. Kalmomin suna da kurakuransu na kunnen baƙo. Amma Koelle ya rubuta wa kowane harshe bayanin mutumin da ya ba shi: garinsu, ƙasashen da ke maƙwabtaka da su, yadda aka kama shi, shekara nawa rabonsa da gida, ƴan ƙasarsu nawa ne a Saliyo. Bayan shekara 110, cikin 1964, masana tarihi Philip Curtin da Jan Vansina suka ɗauki wannan bayani, ba kalmomin ba, suka zana taswirar wuraren da cinikin bayi na ƙarni na 19 ya kwaso mutane. Ga sake aiki da kaya daga wani fanni zuwa wani, irin wanda FAIR take mafarki, kuma abin da ya kawo shi shi ne mai tattarawa bai raba magana da mai ita ba. Haka labarin Dorugu yake, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila cikin 1855, wanda James Schön ya rubuta Hausarsa ya buga cikin Magana Hausa a 1885. Da Schön ya shafe sunansa da asalinsa, da matanin ya zama Hausa kawai, ba shaidar yadda wani ɗan wannan yanki yake magana a tsakiyar ƙarni na 19 ba.

Ƙa'idojin sun nemi a bayyana asalin bayanai dalla-dalla, kuma wannan abin yabo ne. Sai dai asalin da suke nufi shi ne na fayil: wane inji, wane mataki, wane mai bincike. Mutumin da maganar ta fito daga bakinsa ba ya cikin 15 ɗin. Abin ban mamaki, kalmar da haruffan huɗu suka haɗa ma'anarta a Ingilishi ita ce adalci, sunan kuma ya yi wa maƙalar aikin da matanin bai yi ba, domin babu inda ya tambayi wa ya ba da kayan, wa ya biya, wa zai ci riba. Tarihin rabon bayanai kuwa cike yake da wannan tambaya. Cikin 2007 Indunusiya ta daina aika samfurin ƙwayar murar tsuntsaye, tana cewa ana yin allurar rigakafi da abin da ta bayar kyauta a sayar da tsadar da ba ta iyawa. Sai 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cim ma yarjejeniyar rabon amfani. Cikin Nuwamba na 2021 masana na Botsuwana da Afirka ta Kudu suka sanar da sabon nau'in korona da aka sa wa suna Omicron, suka saki bayanansa nan da nan, kafin mako ya zagayo Ingila da Tarayyar Turai da Amurka suka rufe wa ƙasashensu ƙofa. Ba a kan FAIR laifin yake ba. Amma wanda ya karanta ta kaɗai ba zai san irin wannan na faruwa ba.

Wannan giɓi ne ya sa wasu masana daga al'ummomin asali na ƙasashe dabam-dabam suka tsara ƙa'idojin CARE, waɗanda aka fara zayyanawa a wani taro a Gaborone cikin 2018 aka fitar cikin 2019: amfanin ya koma ga jama'a, jama'ar su kasance da ikon faɗa a kan abin da aka ɗauka daga gare su, mai riƙewa ya ɗauki nauyi, a kuma kiyaye mutunci. An rubuta su da tunanin Maori da Aborijin da ƴan asalin Amurka, watau tsiraru cikin ƙasashe masu arziki, ba kuma komai nasu ne zai zauna daram a kan harshe mai miliyoyin masu magana kamar Hausa ba. Wa zai ba da izini da sunan Hausawa? Amma tambayar tana da amsa in an sauko ƙasa. Maroƙin da ya yarda a ɗauki kirarin gidan sarauta a gaban mutum biyar cikin shekarun 1970 bai yarda a sa shi inda duniya za ta ji ba, don ba a tambaye shi ba, abin ma bai wanzu ba. Haka ungozoma, haka mai magani da ya faɗi sunan saiwa da yadda ake haɗa ta, haka matar da ta rera waƙar daka tana zambo ga kishiya da sunanta. Su ko magadansu suna nan, ana iya samunsu.

Adalci ga maƙalar ya wajabta a faɗi cewa ba ta ce a buɗe komai ba. Ɗaya daga cikin ƙa'idojin kaiwa ga bayanai ta yarda a sa ƙofa, a tantance mai nema, a ba wani a hana wani, muddin sharaɗin a bayyane yake. Masu yaɗa ta ne suka riƙa haɗa ta da buɗewa har mutane suka ɗauka abu ɗaya ne. Rumbunan harsuna sun riga ta gane wannan: ELAR, wanda aka kafa a Landan ya koma Balin cikin 2021, yana ba mai ajiya damar sa wa kowane faifai matakinsa, wani na kowa, wani na masu bincike, wani sai an nemi izini. Tarin Pangloss na cibiyar CNRS a Faransa, da tarin CorpAfroAs wanda ya ƙunshi Hausa, suna ɗaure kowace jimla da muryarta, mai karatu ya danna ya ji. Ma'aunin fannin da ƙa'ida ta ƙarshe ta yi nuni da shi ke nan. Akwai shi, sai dai yana da tsada. Sa'a ɗaya ta hira takan ci wa mai kwafewa kwanaki in za a sa kari da tsawon wasali da fassara, kuma shi wannan mai kwafewa, wanda sau da yawa malamin makaranta ne ko ɗalibi, sunansa ba ya hawa kan maƙala. Ƙamusun Hausa na 1949 ya fito da sunan R. C. Abraham da na Malam Mai Kano. Yau ƙamusun Abraham kawai ake ce masa.

Sauran magana ita ce ta wanda zai iya saukewa. Rumbu a Janeba a buɗe yake ga kowa a bisa takarda, amma faifan murya mai nauyi ba ɗaya yake ba ga mai zaune a Leiden da mai sayen intanet da kuɗin aljihunsa a Maraɗi. In rabon ya tsaya a nan, sakamakonsa shi ne kaya su riƙa fita da sauri fiye da da, nazarin kuma a yi shi inda injuna suke. Bai kamata wannan ya zama hujjar rufe ɗaki ba, domin rufaffen ɗaki gara da zafi ne ke cin gadonsa. Abin da ya kamata shi ne ya shiga yarjejeniya tun farko: kwafi cikakke ya zauna a ƙasar da aka ɗauki kayan, a hannun hukumar da aka ambata da suna, tare da umarnin da aka sarrafa su da shi, takardar rakiya kuma a rubuta ta da harshen da aka ɗauka, ba da Ingilishi kaɗai ba, kuɗin kwafewa da na dubawa su fito a kasafi kamar yadda kuɗin jirgi yake fitowa.

Daga cikin ƙa'idojin 15 akwai guda da ba a cika ambata ba, ita ce kuwa ta fi dacewa da halin da cibiyoyin ƙasashen Sahel suke ciki: takardar rakiya ta ci gaba da samuwa ko da kayan kansu sun ɓace ko an rufe su. Yamai tana da taskoki irin na CELHTO, wadda aka kafa cikin 1968 don tattara al'adun baka, da na IRSH mai sashen rubuce-rubucen Larabci da Ajami, ban da abin da ke gidajen rediyo da akwatunan malaman da suka yi ritaya. Cikin 2019 UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya suka yi gargaɗi cewa injunan karanta kaset suna ƙarewa, kayan gyaransu kuma an daina ƙerawa. Juya kaset zuwa kwamfuta yana son kuɗi da gwani. Rubuta abin da ke bayan kowane kwali kuwa ba ya son komai sai mutum da lokaci: wa ya yi magana, ɗan ina ne, shekarunsa nawa, a wane gari, wace rana, da wane karin harshe, wa ya riƙe rakoda, wa ya kwafe, da wane tsarin rubutu, me aka gaya wa mai maganar za a yi da muryarsa. Ana iya buga wannan jeri a sa masa lambar shaida ba tare da an saki daƙiƙa ɗaya ta murya ba. Galibin waɗannan amsoshi ba sa jikin kwalin. Suna kan mutanen da suka yi tafiye-tafiyen cikin shekarun 1970 da 1980, waɗanda yau sun manyanta.